Ganyen Gishiri a Saman Benen Ainu Shams

Duk lokacin da jami'a ta ba da hutu sai na yi baƙi a saman benenmu a nan Alƙahira. Samari ne 'yan makaranta, wannan daga Kano, wancan daga Damagaram. Su hawo da fararen takalmansu, su leƙa tsofaffin bahunan wanka da na jera cike da tsirrai a baƙar leda, sai wanda ya fi su baki ya ce, "Baba Yunusa, a ɗan ba mu aikin hutu mana, ai ban ruwa ne kawai." Ban ruwa ne kawai! Ni da na tsufa a cikin taɓo har gwiwoyina suna kuka kamar tsohuwar ƙofa, yaron da ko barkono bai taɓa rayawa a gwangwani ba shi ke gaya mini haka. Nakan ce wanda ke son aiki ya durƙusa ya lashi ganye guda. Sai su hau kallon juna suna dariya, daga nan su tuna suna da darasi. To tunda ba kwa tsayawa ku ji da baki, ga shi a rubuce.

Sunan itacen shura. Hausa ba ta raɗa masa suna ba, domin kakanninmu ba su taɓa ganinsa ba sai da suka taso aikin Hajji a ƙafa, suka iso bakin Bahar Maliya, guzuri ya ƙare, suka ce bari a ɗan huta. Hutun da ake yi ke nan har aka haife ni a Bur Sudan. Itace ne da ke tsayawa a cikin ruwan teku, inda ko ciyawa ba ta yarda ta fito ba. Yana riƙe gaɓa kada ruwa ya cinye ta, ƙananan kifi da ƙaguwa suna fakewa a gindinsa. Shi ya sa ake neman a dasa shi, shi ya sa irina muke da abin yi.

Ranar da mahaifina ya kai ni wurin Usta Oshek, ubangidan masu dashen shura, ina saurayi mai ji da kaina. Usta ɗan ƙabilar Bija ne, dogo, siriri, magana tana yi masa wuya kamar ana cire masa haƙori. Ko sunana bai tambaya ba. Ya ja ni cikin ruwa har gwiwa, ya kamo reshe, ya nuna mini ganye, samansa kore, ƙasansa fari-fari kamar an barbaɗa toka. Ya ce, "Lasa." Na dube shi, na dubi mahaifina a bakin gaɓa, mahaifina ya kau da kai. Na lasa. Gishiri ne zalla, har da 'yan ƙwayoyi suna ƙas-ƙas a haƙori. Ashe itacen ruwan teku yake sha, ya riƙe ruwan, ya fitar da gishirin ta ganye yadda mutum ke gumi. Wannan ita ce shaidar shura ta farko. Akwai ɗan'uwansa kandal, mai saiwoyi kamar ƙafafuwa da dogon ɗa kamar kuɓewar da ta wuce miya, amma shi ganyensa ba ya gumi, in ka lasa ka lashi banza. Na yi watanni ina lasar ganye kafin Usta ya bar ni in taɓa iri, har na fara cewa miyar gidanmu lami ce, mahaifiyata ta daina kula ni.

Aiki na biyu da na koya shi ne tafiya. Ku da kuke ganin kun iya tafiya, ku je ku gwada a gindin shura. Taɓon wurin ba iska a cikinsa, saboda haka itacen yakan turo ƙananan saiwoyi sama, su tsaya cirko-cirko kewaye da shi kamar an kakkafa tsinken tsire. Da su yake numfashi. Ka taka ka karya, ka toshe masa hanci. Dole ka ɗaga ƙafa sama, ka nemi gurbi, ka sauke ta a hankali irin ta zalɓe, alhali taɓo na riƙe da ɗayar yana neman raba ka da takalmi. Ranar farko na faɗi zaune daɓas a kan tsinkayen nan, na yi ihun da ya tashi tsuntsaye. Usta Oshek ya taho da sauri, na ɗauka ni zai ɗaga, ashe saiwoyin ya zo dubawa. Ya girgiza kai, ya tafi ya bar ni ina fama da wata ƙaguwa da ta shige mini wando.

Sai raƙuma. Ganye ga shi kore shar a ƙasar da ba kore, ga gishirinsa a jiki, ba sai an ba da kanwa ba. Raƙumi zai shiga ruwa har ƙirji ya aske maka aikin shekara kafin ka idar da Azahar. Na kore su da sanda, na kore su da gwangwani mai duwatsu, na taɓa korar wani da waƙa don na lura ba ya son muryata. A nan na gane tsiron da aka cinye wa ganye ba ya mutuwa nan take. Tsayawa yake yi tsirara yana jira a daina, in an daina ya sake toho, in ba a daina ba ya haƙura da duniya.

Iri kuwa ba gero ba ne da za ka zuba a rumbu ka manta. Ɗan shura kamar babban wake yake, da 'yar riga mai gashi-gashi, kuma tun yana kan uwarsa ya fara tsira a ciki. Da ya faɗo sai ka tsince shi, ka jiƙa a bokiti har rigar ta saɓule, ka dasa a leda mai yashi da taɓo, rabinsa a waje. Ka yi jinkiri ya bushe, ka cika jiƙo ya ruɓe ya yi warin da maƙwabta za su zo tambaya ko lafiya. Kayan aikin ba su da yawa: buhu, bokiti, baƙar leda, tiyo, takalmin roba mai ɗauri, da ɗan ma'aunin gishiri da ake ɗiga wa ruwa a leƙa. Ma'aunin ya fi harshe gaskiya, ba na musu, sai dai harshe ba ya faɗawa taɓo ya ɓace.

Da ƙasarmu ta rikice aikin dashe ya tsaya, na kwaso iyali muka taho Alƙahira, muka samu ɗaki biyu a unguwar Ainu Shams. Na samu aiki a shagon guga. Mutumin da ya saba da taɓo aka danƙa wa dutsen guga da fararen rigunan mutane, ba sai na faɗi yadda aka ƙare ba, amma har yau in na hango wani malamin makaranta sai in sauya titi. Ana haka na ji labarin wani Muhandis Adil, injiniyan da aka ba aikin dasa shura a gaɓar Masar, can kudu da Safaga. Na same shi a Giza. Ya ce in koma bakin teku in yi masa reno. Na ce ba zan iya barin Alƙahira ba, a nan ake sabunta takardun zamanmu, yara kuma sun shiga makaranta, amma in ya kawo iri zan rena masa a saman bene.

Ya cire tabarau ya dube ni, ya kira ni Ammu, wato kawu. "A saman bene, ya Ammu Yunus? A Ainu Shams?"

Na ce, "Rana ɗaya ce da ta can. Teku ne kawai babu, shi kuma zan haɗa."

Ya yi dariya har da tari, sannan ya ce tamam, ba laifi, gwaji ɗaya zai yi da ni. Zai aiko da iri da kaka, motarsa ta zo ɗauka in sanyi ya wuce. In tsirran suka isa gaɓa cif, lafiyayyu da ganyensu, aikin ya zama nawa duk shekara. In suka gaza, kalas, shi ke nan, zai ba masu reno na bakin teku. Ni kuma na san abin da ke jirana, dutsen guga da rigunan bayin Allah.

Haɗa teku ba wuya in kana da bayan ɗaukar kaya. Na bi masu gwangwan na samo tsofaffin bahuna, na ɗora tanki a kan bulo, na ja tiyo. Gishiri mai tsakuwa nake saye buhu-buhu a wurin masu turshi, wato masu jiƙa kayan lambu a ruwan gishiri. Da farko ruwan famfo ne da ɗan gishiri kaɗan, a yi ta ƙarawa har ya kai ɗacin teku, domin tsiron da aka shagwaɓa da ruwan Nilu in ya ji na gaske suma yake yi. Sannan a gaɓar Masar ruwa yana hawa yana sauka safe da yamma, ba kamar wajenmu ba da sai ya ga dama, dole tsiro ya saba. In na dawo daga Asuba sai in buɗe tiyo baho ya cika, da hantsi in zuƙe ruwan ya koma durom, da La'asar in sake. Zuƙar da baki nake yi. Na sha tekun Ainu Shams fiye da yadda na sha na Allah.

Mugunyar shekarata ita ce wannan ta gwajin. Tsirrai sun fito gwanin sha'awa, sun kai taƙi guda, sai wata safiya na ga wasu sun rasa ganyen ƙasa. Washegari wasu kuma. Na zargi tantabarun maƙwabci, na kafa raga. Na zargi agwagin mai gadi, na yi shinge. Akwai ragon da wani ke kiwo a benen da ke manne da namu, na je muka kalli juna ni da shi ta kan katanga, na ga ba shi da ƙafar tsallakowa. Har na fara tunanin ko a Masar raƙuma na hawa bene. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne tsinkar tsaf take, ba tauna ba yaga, irin ta mai farce.

Wata Juma'a na fasa tsayawa gaishe-gaishe a bakin masallaci, na dawo da wuri, na tarar da layi a matakala. Mata ne, har da waɗanda ban taɓa gani a gidan ba, kowace da ɗan ƙyalle a hannu. A can sama Ummu Sayyid, matar mai gadin gidanmu, tana tsaye a kan bahona tana tsinka tana rabawa hankalinta kwance.

Ga yadda abin ya faro. Mutanen nan sun yarda gishiri na korar kambun baka. Ranar suna, da suke kira subu'u, gishiri suke watsawa a ɗaki da matakala saboda idon mahassada. To Ummu Sayyid ta daɗe tana ganin baƙon Sudan yana hawa da gishiri buhu-buhu, yana ɗura wa tsirrai, yana durƙusawa yana lasar ganye yana gyaɗa kai. Rannan ta faki idona ta lasa. Itacen da ke haifar gishiri da kansa! Jikanta na kwana kuka, ta sa masa ganye a ƙarƙashin matashi, yaro ya yi barci. Haƙorinsa ne ya gama fitowa, amma wa zai tsaya duba bakin yaro? Kafin a ce haka labari ya kai tashar metro.

Na yi magana da Larabci, na yi da Hausa, na yi da hannu. Na ce, "Ya Ummu Sayyid, wallahi itace ne kawai, raƙuma ke cinsa!"

Ta ce, "Ma'alish, yi haƙuri ya Shehu, mun san ba a son ku faɗa."

Shehu! Jiya-jiya ni ne mai ƙona riga. Na juya wurin Hajiya Hawwa don ta cece ni. Bahaushiyar Sudan ce kamar ni, tsohuwa mai zama a hawa na biyu, wadda in ta yi magana ko mai gidan ba ya tsallakewa. Sai na ga ganye a ƙulle a bakin mayafinta.

"Haba Hajiya, har da ke?"

"Yunusa, kai yaro ne," in ji ta, ni da furfurata. "Ƙafar nan tawa tun da na sa ganyen a ruwan wanka ta yi sauƙi. In ba magani ba ne, me ya sa kake lasa kullum kamar akuya?"

"Aunawa nake yi, Hajiya."

"To mu ma aunawa muke yi. Kauce, ya zol, bawan Allah, ka tare wa mutane hanya."

Na sa kwaɗo a ƙofar bene, ashe kowa na da haƙƙin shanya, mai gida ya sa aka cire. Na rantse na maya cewa ba magani ba ne, aka ce dubi tawali'u. Wani daga cikin yayyenku, mai karatu a jami'ar addini, ya hawo ya yi wa matan wa'azi mai kyau, ya ce wannan hurafa ce, wato camfi, ba ta da asali, i'itiƙadi ne fasidi, ga Allah ake tawakkali. Na ji daɗi har na dafa masa shayi. Da zai sauka ya rage murya ya ce, "Baba, ko za a ɗan ba ni guda ɗaya? Ba don komai ba, min babil bahasi ne, bincike kawai. Jarrabawa ta matso."

Kafin sanyi ya raba, fiye da rabin tsirran sun zama tsinke, daga mai ganye biyu sai mai ɗaya a ka kamar tukku. Muhandis Adil ya ce in turo masa hoto, na tura. Ya bugo waya ya ce, "Ya Ammu Yunus, ni itace na ce, ba asuwaki ba. Maganarmu dai tana nan yadda muka yi." Tsoro ya kama ni sosai. Ban iya wata sana'a ba, shekaruna sun wuce na koyo, kuma na san in wannan ta kuɓuce ba mai sake ba ni iri.

Dabarar ta zo mini ina wanke ganye. A bakin teku raɓa da feshin ruwa ke wanke wa shura gishirinsa. A Alƙahira ba mai wankewa, ga hayaƙin mota da dattin gari suna haɗuwa da gishirin su toshe ganyen, dole in bi su ɗaya-ɗaya da jiƙaƙƙiyar auduga, aikin da ke cinye mini yini ya bar ni da ciwon baya. Na dubi audugar da ke hannuna, na kai baki don sabo, na ji gishiri. Na sauka na sami Hajiya Hawwa.

Na ce, "Hajiya, ni ban ce magani ba ne, kuma ba zan ce ba, Allah ne mai tsari. Amma ganyen da kika tsinka, gishirin da ke jikinsa ke nan har ya bushe. Wanda ke kan uwarsa kullum sabo yake fitarwa. Wanne ya fi?"

Ta ci gaba da jan carbi. "Ina jin ka."

"A daina tsinka. Kowace mace in ba ta layinta, ta ɗaura ƙyalle ta san nata. Ta zo da auduga ta share ganyen a hankali, sama da ƙasa, ta tafi da audugarta ta yi abin da ta ga dama da ita."

"Wadda ta taɓa layin wata fa?"

"Wannan kuma ke da su."

Ta ce, "Kwayyis, ya yi," ta miƙo hannu in tashe ta.

Ban taɓa samun ma'aikata irin waɗannan ba. Tsinka ta tsaya cak, don wadda ta kuskura ta kai hannu layin wata sai an jiyo su a titi. Tsirrai suka sake toho, ganye na sheƙi kamar an shafa mai. Sai gasa ta tashi. Ummu Sayyid ta ɗinka wa layinta rumfar leda saboda sanyi, wata ta kawo rediyo wai nata sun fi son karatu, wata kuma da ƙyar na hana ta zuba wa nata shayi da madara. Suka karɓe mini hawa da saukar ruwa, in na makara sai in ji ana dukan ƙofa, "Yalla ya Shehu, teku ya yi latti!" Hajiya Hawwa da ke cewa ƙafa ta hana ta zuwa ko'ina, kullum tana sama, har ta sa an kai mata kujera. Ta raɗa wa nata sunaye. Layinta ya fi na kowa kauri da tsawo, ba ko tantama.

Abin da ban yi tunani ba shi ne ranar rabuwa. Motar Muhandis ta iso da safe ta toshe lungu, na ɗauko kwanduna, na tarar mata sun zazzauna a matakala tun daga ƙasa har sama, ba wurin sa ƙafa. Na tsaya na yi bayani. Na zare leda ɗaya na nuna musu yadda saiwa ta cika ta tana nannaɗewa, na ce itacen nan a baho ba zai kai baɗi ba, zai shaƙe ya mutu a hannunsu. Na ce in waɗannan suka tafi lafiya za a kawo sabon iri da kaka, kowace ta samu layi, in kuwa ba su tafi ba, ba ni, ba baho, ba auduga. Wannan ta ƙarshen ita ta shige su. Ummu Sayyid ta fara tashi tana share hawaye, ta ɗauki kwando da kanta. Aka yi ta sauke tsirrai ana guɗa ana sa musu albarka.

Saura layi ɗaya. Hajiya Hawwa na zaune a kujerarta, ta gicciya sandarta a kan baho. In babu layinta kayan ba su cika ba, Muhandis kuwa cif ya ce.

"Hajiya, direba na jira."

"Ya jira. Ni ban taɓa ba da riƙon ɗa ban ga gidan da za shi ba. Wa zai share musu ganye a can?"

"Raɓa, Hajiya."

"Raɓa." Ta dube ni kamar na zage ta. "Raƙuman da kake faɗa fa?"

"An yi shinge."

"Kai ka gani da idonka?"

Ban gani ba. Ta ce to kalas, a ɗauko mata mayafin fita da maganin hawan jini.

Haka muka kama hanya, Hajiya a gaba kusa da direba, ta hana shi sigari ta hana shi gudu, ni a baya cikin tsirrai rana na gasa ni ina yayyafa musu ruwa. Yini guda cur muna tafiya. Muka kwana a masaukin ma'aikata, da safe muka fita gaɓa ruwa ya janye. Muhandis Adil ya bi kwandunan yana ɗaga leda yana juya ganye yana cewa masha Allah, har ya iso na ƙarshe a bayan mota, ya tarar da tsohuwa ta dafa shi da sanda. Na ce masa uwarsu ce, sai ta yarda. Ya dube ta, ya dubi tsirran, ya ce mini a hankali, "Wannan kwandon na sauka, aiki ya zama naka."

Ta bi shingen tana girgiza kowane turke. Ta sa aka kira mai gadin wurin, ta tambaye shi sunan ubansa da ko yana da raƙumi. Sannan ta tattare zane ta shiga taɓon, takalminta ɗaya ya tafi nan take, ko waiwaya ba ta yi ba. Mu duka muna tsaye, ma'aikata riƙe da shebur. Ta kai bakin ruwa, ta sunkuya da ƙyar, ta ɗiba a tafin hannu ta kai baki, ta daɗe a tsaye. A Sawakin, can gaɓar Sudan, aka haife ta, aure ya kai ta Khartum, daga can yaƙi ya koro ta Masar. Rabonta da teku tun kafin ta haifi ɗanta na fari.

Ta kira ni ba ta juyo ba. "Yunusa. Ruwan nan shi ne namu na Sawakin?"

"Shi ne, Hajiya. Ki bi gaɓar nan kudu, ba inda ya yanke."

"In suka girma suka zubar da 'ya'ya, ina ruwa ke kai su?"

"Wasu su tsira a gindin uwa. Wasu iska ta tura su, iskar nan kuwa yawanci daga arewa take busowa."

Ta gyaɗa kai, ta goge hannu a mayafi. Ni ma kewar gida ta taso mini, na dai shiga taɓon na miƙa mata hannu.

"To a sauke su," in ji ta. "Amma nawa a layin gaba za ka dasa, ta bakin ruwa. Kada na Ummu Sayyid su tare musu hanya."